Taura Uku a Baki Ɗaya: Mai Sharhin Siyasa na Zamanin Waya a Kaduna

A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna. Ranar 1 ga Janairun 1966 kuma jaridar New Nigerian ta fara fitowa, mako biyu kacal kafin sojoji su kashe Firimiyan da ya kafa ta. Daga nan har wajen shekara talatin, duk mai son tofa albarkacin bakinsa kan mulki, a kuma ji shi daga Sakkwato har Yola, ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu zai bi, ko ta titin Yakubu Gowon ko ta titin Ahmadu Bello. A ciki kuwa kowa da aikinsa. Mai rubuta sharhi daban, mai karanta shi daban, mai kula da na'ura daban, mai zane na can a kusurwarsa, edita kuma na bisa kowa da jan alƙalaminsa.

Yau saurayi ɗaya a Kawo ko Badarawa ko Unguwar Rimi yana iya tattara waɗannan ayyuka duka a ɗakin da yake kwana. Da safe ya rubuta ra'ayinsa a Facebook ko X, da la'asar ya kafa makirfo ya naɗi hirar awa guda, wato fodkas, cikin dare kuma ya duƙufa gaban kwamfuta yana motsa bakin wani katun mai babbar riga da ƙaton tumbi. In ka leƙa shafinsa za ka tarar ya jera wa kansa laƙabi uku: mai sharhin siyasa, mai fodkas, mai katun. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa uku ya cusa. Abin tambaya shi ne ko wannan sana'a ce da mutum zai yi aure da ita, ya biya kuɗin makarantar yara, ya tsufa a cikinta da mutuncinsa, ko kuwa zango ne kawai ake yadawa kafin abin yi ya samu.

Ba kewar zamanin da nake yi ba. Rediyon Kaduna na gwamnatin NPC ne, ɗan NEPU bai ga ƙofar shiga ba. A Jamhuriya ta Biyu ma, lokacin da Balarabe Musa na PRP ke fama da majalisar da NPN ta cika har ta tsige shi a Yunin 1981, magoya bayansa sun sha kokawa cewa gidan rediyon tarayya da ke garin ya karkata ga abokan hamayyarsu. Duk da haka a cikin gidajen nan aka koyi aikin. New Nigerian na da shafin Candido, marubucin da ke ɓoye fuskarsa yana caccakar manya, wanda editoci irin su Adamu Ciroma da Mamman Daura da Turi Muhammadu suka yi zamani da shi. Rediyo na da Hannu Da Yawa, inda Halilu Ahmed Getso ke tsare babban mutum da tambaya har ya ji zufa, kuma manomi a ƙauyen Gumel na saurare. Usman Baba Pategi, da ya rasu a 2023, ya sa farar hula suna dariyar soja ta bakin Samanja a daidai lokacin da sojan ke mulki.

Abu uku gidajen nan ke ba ma'aikacinsu, ko da ba su cika ba. Akwai albashi ƙarshen wata. Akwai edita da zai ɗago kai ya ce, “Wa ya gaya maka wannan?” Akwai kuma inuwa, domin in hukuma ta fusata, da gidan za ta fara kafin ta kai ga mutum. To gidajen sun tafi. Gwamnatin tarayya ta karɓe New Nigerian a 1975, ta mayar wa gwamnonin Arewa goma sha tara a 2006, a hannunsu kuma ta durƙushe da bashin albashin ma'aikata. The Democrat da Today da mujallun Citizen da Hotline, duk a Kaduna aka yi yayinsu, duk sun zama tarihi. Weekly Trust da aka haifa a garin a 1998 ta girma ta koma Abuja. Saboda haka saurayin nan na Kawo bai zaɓi kaɗaici don jarumta ba. Kayan aiki sun yi arha har ya iya mallaka, amma albashi da edita da inuwa babu wanda ya gaje su. A ganina duk rikicin sana'ar daga nan yake tasowa.

Sharhi shi ne mafi sauƙin shiga, shi ya sa kasuwarsa ta cika maƙil. Waya da data kawai yake buƙata, sai baki. Matsalarsa ita ce mai sauraro ba ya biyan kuɗin ra'ayi, ɗan siyasa ne ke biya. Kano ta daɗe da sojojin baka, masu shiga filin rediyo irin Kowane Gauta su yabi uban gida su yi wa abokin hamayyarsa wankin babban bargo, kuma Kaduna ta samu nata a tashoshin da suka yawaita bayan an ba 'yan kasuwa lasisi, daga DITV da Alheri zuwa Nagarta, Liberty da Freedom. Sojan baka na rediyo dai kowa ya san gidan da yake ci. Na intanet ya fi shi haɗari, don yakan fito da rigar mai fashin baƙi, ya ce shi ba ruwansa da kowa, alhali wani ne ke saya masa data. Mai sauraro na gane hakan ne kawai ranar da aka yi naɗin masu taimaka wa gwamna kan kafafen sada zumunta, ya ga sunan gwaninsa a jerin.

Akwai waɗanda suka nuna ana iya yin sharhin da fasaha. Shehu Sani, ɗan Tudun Wada, wanda ya sha ɗaurin Abacha daga 1995 zuwa 1998, ya kuma wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 2015 zuwa 2019, ya gane cewa habaici ya fi zagi tafiya. A Yulin 2017, Shugaba Buhari na jinya a Landan, ya rubuta 'yan layuka kan zakin da ba ya gida da kuraye da diloli da ke zagaye fada suna jiran labari. Bai kira sunan kowa ba, amma uwargidan shugaban da kanta ta amsa masa da harshen dabbobin, jaridun ƙasar suka kwana suna fassara. Wannan tsohuwar dabarar tatsuniya ce, kuma zan komo kanta. Sai Bello Galadanci, wato Ɗan Bello, ɗan Kano da ya taɓa aiki a Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda gajerun bidiyoyinsa na barkwanci kan yadda ake wawure kuɗin jama'a suka karaɗe wayoyin Arewa a 2024. Abu biyu ya kamata mai son koyi da shi ya lura da su. A lokacin yana da wani aikin da yake ci da shi, koyarwa, kuma daga ƙasar Sin yake magana, inda motar 'yan sanda ba ta isa ƙofarsa.

Fodkas kuwa, in aka duba da kyau, bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushe ba. Mu mutanen kunne ne. Daga masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki aka riƙa watsa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ta Rediyon Kaduna, daga baya kaset ya ɗauki wa'azi da waƙar siyasa ya kai su lungun da jarida ba ta taɓa zuwa ba. Yau saƙon murya na WhatsApp ke wannan aiki, tare da masu tura waƙoƙi da finafinai a waya da ke zaune da kwamfutocinsu a bakin kasuwar Gumi da Kasuwar Barci. Murya na yaɗuwa sosai, sai dai ta hanyar da ba ta komo wa mai ita da ko kwabo. Wanda ya yi awa uku yana shirya hira zai iske an yanko daƙiƙa arba'in mafi zafi a ciki, an cire sunansa, an manna wani, ta zaga unguwa goma. Mutum dubu ɗari sun ji shi, amma a shafinsa ɗari uku aka ƙirga.

Shi ya sa kusan duk fodkas na Hausa ya koma bidiyo a YouTube ko Facebook, don can ne kawai ake ganin kuɗin talla. YouTube ba ya fara raba kuɗin tallar dogon bidiyo da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, sannan ya ba shi kashi 55 cikin 100. Kuma talla ga mai kallo a Rigasa ba ta kai darajar talla ga mai kallo a Landan ba, nesa ba kusa ba. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100, wanda ke nufin mai sauraro zai ƙara tunani kafin ya buɗe hirar awa guda. Shirye-shirye irin Najeriya A Yau da Daga Laraba na Aminiya sun ɗore ne don akwai kamfani a bayansu. Hirarrakin Hadiza Gabon sun samu kasuwa don taurarin Kannywood ne baƙinta, mai talla kuma ba ya tsoron a gan shi kusa da tauraro. Mai sayar da fili ko turare ko mai makarantar kuɗi zai yi jinkiri kafin ya ɗora sunansa kan shirin da ke taɓa Gidan Sir Kashim, fadar gwamnan jihar, domin gobe yana da takardar da zai nema a ma'aikata.

Katun ne ya fi ba ni sha'awa a cikin ukun, shi ne kuma ya fi wuya. Da yawa daga cikin matasanmu ba su san cewa ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha a Afirka maƙwabcinmu ne ba. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da aka haifa a 1942, ya fara da aikin kanikanci, ya koyi fim a Yamai wajen Jean Rouch, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, fim na minti biyar kan shugaban jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta: jirgi, faretin soja, taken ƙasa, digirin girmamawa, duk kwaɗi ne ke yi. Shekara shida da samun 'yanci ke nan, kuma ba sai an gaya wa kowa da wa ake ba. Abin da Shehu Sani ya yi da kura da dila a rubuce, Alassane ya riga ya yi shi da kwaɗo a majigi shekara hamsin kafin nan. Al'ummar da ta tashi da Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami ba ta buƙatar a koya mata karanta irin wannan. Zambo ta bakin dabba yana shiga inda jawabi ba ya shiga, yana kai wa ga wanda bai yi boko ba, yana kuma wahalar da mai gabatar da ƙara, don sai ya fara amsa cewa uban gidansa ne kurar.

To me ya hana katun na siyasa bunƙasa a Kaduna? Lissafi ne. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Ko mai zane ya rage zuwa 12, kamar yadda aka saba, minti ɗaya na cin zane 720. Manhajojin zamani sun sauƙaƙa, ana gina mutum-mutumi sau ɗaya a riƙa motsa gaɓoɓinsa da leɓɓansa, amma har yanzu akwai rubutun labari, ɗaukar murya, zanen bango, haɗa sauti. Labarin siyasa kuwa kwana biyu yake yi ya lalace. Kafin ka gama zana kwamishinan da ya yi ɓaram-ɓarama ranar Litinin, ranar Alhamis an sauke shi ko wani ya yi wadda ta fi tasa. Ga wuta. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar layukan da ke kawo lantarki, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Mai sharhi ya yi cajin waya a shagon mai janareta ya ci gaba. Mai katun, da kwamfutarsa ke buƙatar awanni tana tace hoto, sai ya naɗe hannu.

Waɗanda suka ci nasara sun kauce wa lissafin ne ta wata hanya. Mustapha Bulama na Daily Trust hoto ɗaya yake zanawa, mara motsi, ya fita a ranar da abin ya faru. A Satumban 2020, makon da aka ƙara kuɗin fetur da na lantarki aka kuma ɗaura auren Hanan Buhari, ya zana uwar amarya tana nuna wa talakawan da ruwa ke ci hotunan biki. Sai da mai magana da yawun uwargidan ya fito ya ce ba a yi musu adalci ba. Amma a lura, Bulama na da jarida a bayansa. A Kenya, mai zanen barkwanci Gado ya kafa shirin XYZ a 2009 da 'yar tsana maimakon zane, don a iya ɗaukar shirin mako cikin mako, kuma da ma'aikata da yawa da tallafin waje ya yi shi. Adamu Waziri da ya ƙirƙiro Bino and Fino a Abuja ya nufi yara ne, domin katun ɗin yara ba ya tsufa, ana iya juya shi zuwa harsuna a sayar shekara da shekaru. Ban ga ɗaya a cikinsu da ya yi katun, ya yi fodkas, ya yi sharhi, shi kaɗai, kowane mako ba. Ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta ta zo da alkawarin rage wahalar, kuma tana ragewa, sai dai ita ce kuma ke sa a kwaikwayi muryar malami ko gwamna har uwarsa ta kasa bambancewa. Katun na gaskiya yana sanar da kai cewa wasa ne. Muryar jabu so take ka yarda.

Akwai kuma abin da mai zane a arewacin kogin Kaduna ba zai yi wasa da shi ba. Malamai sun yi saɓani kan zanen mai rai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta in don ilimi ne ko yara, kuma mai katun zai gamu da wannan muhawara a gidansu kafin ya gamu da ita a intanet. Sannan garin na da tabo. Rikicin Shari'a na 2000 ya raba mazauna, Musulmi suka fi taruwa a arewa, Kirista a kudu. A Nuwamban 2002 layi kaɗan a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ya jawo aka ƙona ofishinta na Kaduna, aka rasa rayuka sama da 200. Wanda ya san wannan ba ya cewa “ai barkwanci ne” ya wuce. Wani abin da masu sharhi da Hausa ke yawan mantawa shi ne Hausar ba ta tsaya a gada ba. Mutumin Sabon Tasha da Television da Narayi yana jin duk abin da aka faɗa a Kawo, sarai. Sau da yawa nakan ji ana magana a fodkas kamar a zaure ake, an rufe ƙofa, alhali rabin garin na tsaye a taga.

Sai batun inuwa. Kaduna ta san abin da ke samun mai magana tun kafin intanet. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar The News a garin, ya ɓace a zamanin Abacha, daga baya hukuma ta ce shi ne ya mutu a fashewar bam na otal ɗin Durbar a Janairun 1996, abokan aikinsa kuma ba su taɓa yarda ba. A zamaninmu makamin hukuma shi ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka kuma yi masa gyara a Fabrairun 2024. An kama Audu Maikori a 2017 kan saƙon da ya wallafa na wani kisa a kudancin jihar, labarin da ya tabbata ba gaskiya ba ne, shi ma ya janye ya ba da haƙuri. Kotu ta ce an tauye masa haƙƙi a kamun. Darasi biyu ne a lamari ɗaya: da akwai edita da saƙon bai fita ba, da kuma ba shi da kuɗin lauya da wani labarin ake. Ɗan jarida Steven Kefas ya shafe fiye da wata biyar a tsare a 2019, takwaransa Luka Binniyat kusan wata uku daga Nuwamban 2021. Abubakar Idris, Dadiyata, malamin jami'a mai zafin alƙalami a Twitter, wasu mutane suka ɗauke shi daga gidansa a Barnawa a farkon Agustan 2019, har yau babu shi babu labarinsa. Abin takaici, kowane ɓangaren kogi ya fi jin zafin kamun nasa.

Wasu na ganin fodkas ya tsira tunda hukumar NBC ba ta da iko a kansa yadda take da shi kan tashoshi. Gaskiya ne NBC ta dakatar da Idon Mikiya na Vision FM a farkon 2022, ta kuma ci Trust TV tarar naira miliyan 5 a Agustan shekarar kan shirin 'yan bindiga, kafin wata Babbar Kotun Tarayya ta yanke a 2023 cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara. Amma a duba bambancin. Tasha ake hukuntawa da takarda da tara, lauyoyinta su ɗaukaka ƙara. Mai fodkas shi ake zuwa wa da kansa, da asuba, gaban matarsa.

Ina sana'ar ke kai mutum, ke nan? Hanyoyin da ake gani ba su da yawa. Wani ya zama mai taimaka wa gwamna ko sanata, shafinsa ya koma allon sanarwa. Wani ya samu shiga BBC ko DW ko RFI ko TRT Afrika, ya samu albashi da edita da inuwa a lokaci guda, ko da yake rufe Muryar Amurka da gwamnatin Trump ta yi a Maris ɗin 2025 ya nuna wannan inuwar ma tana gushewa. Wani ya shiga takara, kamar Shehu Sani, wanda ya fita daga APC a 2018 ya yi shekaru yana yi mata habaici, ya kuma komo cikinta a 2025. Mafi yawa su gaji su yi shiru.

In akwai wadda zan ba saurayin Kawo shawara a kai, ita ce ya furzar da taura biyu. Ya nemi abokai, wani ya riƙe bincike ya zama mai cewa “wa ya gaya maka”, wani murya, wani zane, su san lambar lauya tun kafin su buƙace shi, su kuma faɗa wa masu sauraro a fili duk ranar da wani ya biya kuɗin shiri. Zaɓen 2027 na tafe, kuɗin kamfe zai shigo, za a nemi mai katun ya zana ɗan takara yana raba taki da gina asibiti, kuma farashin da za a taya shi zai fi abin da YouTube ya taɓa ba shi. Wanda ba shi da wata hanyar ci zai karɓa, ban kuma ga laifinsa sosai ba. Alassane da kansa ba kwaɗinsa ne suka ciyar da shi ba. Ya yi shekaru yana jagorantar sashen fim a jami'ar Yamai, daga baya ya zauna a Tawa yana gudanar da otal, ya mai da wasu ɗakunan wurin aikin katun, yana yi yana koya wa yara har zuwa rasuwarsa a 2015.